Yadda na tayar da tsohon injin busar da kaya mai aiki da gas

Duk wanda ya zauna a jihohin Amurka masu tsananin sanyi ya san injin busar da kaya ba kayan ƙawa ba ne. Daga watan Nuwamba zuwa Maris, in ka shanya riga a waje ba bushewa za ta yi ba, daskarewa za ta yi. Muna zaune ne a wani ƙaramin gari kusa da Columbus a jihar Ohio, kuma da muka bar haya muka koma gidan da muka saya, sai muka tarar babu komai a ɗakin wanki na ƙarƙashin ƙasa sai famfo, da soket ɗaya mai volt 120, da bakin bututun gas da aka toshe. Diraya, wato injin busar da kaya, mai aiki da lantarki zalla sai an jawo mata layi na musamman mai volt 240 daga akwatin wutar gida. Mai gas kuwa soket na yau da kullum ya ishe ta, domin aikin lantarkin juya ganga ne da kunna wuta kawai, zafin daga gas yake zuwa. Shi ya sa na karkata ga mai gas. Na zauna rubuta wannan ne saboda 'yan'uwa da dama sun tare ni a masallaci da tambaya, kuma na lura kowa a kan bel da fenti yake tambaya, alhali ba can wahalar take ba.

Na same ta ne a irin gwanjon nan da ake yi idan tsoho ya rasu ko ya koma gidan kula da tsofaffi, iyalinsa su buɗe gida su sa wa komai farashi, daga cokali har gado. Gidan gona ne, tafiyar kusan awa ɗaya daga wajenmu. Kenmore ce, fentinta ruwan madara mai ɗan rawaya, allon maɓallanta da zanen katako irin na yayin shekarun 1980. Jikan mai gidan bai ɓoye mini komai ba: tana juyawa, amma ƙarar da take yi har sama ake ji, zafin kuma yau akwai gobe babu. Dala 40 ya nema, ban ko nemi ragi ba. Na je ne tare da wani dattijo ɗan zangon Kumasi da muke kira Baaba, wanda ya yi shekaru yana gyare-gyare a gidajen haya, kuma shi ne mai akori-kura a cikinmu. Ina ta ɗoki ina neman inda zan kama mu ɗaga, sai ya dafa ni ya nuna mini wani dogon farin tanki ta taga. "Ɗana, ka ga wancan? Gidan nan ba gas ɗin bututu suke amfani da shi ba. Kafin ka ɗauka, haska mini ƙasan nan." Muka cire murfin ƙasa, na haska tocila, sai ga wata 'yar takarda da aka manna kusa da bawul. Rubutun ya koɗe, amma haruffa biyu sun fito sarai: LP, wato alamar gas ɗin propane.

Gas iri biyu ake amfani da su a gidajen ƙasar nan. A cikin gari kamfani ke kawo shi ta bututun ƙarƙashin ƙasa. A ƙauye kuwa propane ne, ɗan'uwan gas ɗin tukunya da muka sani a gida, mota ke zuwa ta ɗura shi a tanki. Propane ya fi ƙarfi; a ma'auni ɗaya zafinsa ya ninka na bututu fiye da sau biyu, kuma da matsi mafi yawa yake shiga. Saboda haka ɗan guntun tagullar da gas ke fita ta tsakiyarsa, ramin na propane ya fi ƙanƙanta. Daga masana'anta dirayoyin nan a saite suke da gas ɗin bututu, tawa wani ne ya juya ta zuwa propane shekarun baya ya manna waccan takarda. In na haɗa ta a gidana a haka, wutar a raunane za ta fito, kaya su yi ta juyawa ba bushewa. Akasin haka ne ya fi haɗari: a ba diraya mai faffaɗan rami propane, wuta ta wuce ƙima, ta yi baƙin hayaƙi, ta cika ɗaki da kabon monoksaid, iskar nan mai kisa da ba a ganinta ba a jin warinta. Duk da haka na saye ta, domin Baaba ya tabbatar mini ana iya mayar da ita yadda take da fari.

Da muka sauke ta a gareji, abu na farko da ya sa ni yi shi ne ɗaukar hoton lambobin da ke jikin bakin ƙofar. Ba ado ba ne, tarihin dirayar ne gaba ɗaya. Kenmore sunan da shagunan Sears suka riƙa sa wa kayansu ne, amma ba su suke ƙerawa ba. In lambar samfuri ta fara da 110, Whirlpool ne ya ƙera. Ɗaya lambar kuma ta fara da M9: M na nufin masana'antar garin Marion, nan cikin Ohio, arewa da mu kaɗan, 9 kuma shekara ce. Sai dai tsarin yana maimaita kansa duk shekara 30, wato ko 1989 ko 2019, kuma launin fentin da zanen katakon sun raba gardama. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne, irin wannan mai faɗin inci 29 da rariyar datti a sama, an shafe shekaru da dama ana ƙera ta kusan a fasali ɗaya. Sears ta durƙushe a 2018, amma kayan gyaran dirayar suna nan birjik.

Kashegari na nufi shagon sayar da kayan gyara. Mutumin da ke kan kanta bai bari na gama bayani ba ya ce in ba shi lambar samfuri, in babu ita ba shi da abin da zai yi mini. Na nuna masa hoton, ya buga a kwamfuta, sai ga zanen dirayar an warwatsa ta gunduwa-gunduwa, kowane ƙarfe da lambarsa. Na sayi ƙunshi guda mai ɗauke da bel, da tayoyi biyu da gangar ke hawa, da tayar da ke ja wa bel ɗin ƙarfi, kusan dala 30. Lambar bel ɗin 341241, tsawonsa inci 92 da kwata, ya shiga dirayoyi masu yawan gaske. Guntun tagullar gas ɗin bututu da murfin bawul da ke tafiya tare da shi kuwa babu su a shago, domin kowa daga bututu zuwa propane yake juyawa, ba kasafai ake komawa baya ba. Sai an yi odarsu, jiran mako biyu. Ya kuma faɗa mini wata magana da ta cece ni daga asara: duk abin da ya shafi lantarki in ka saya ba a mayarwa, saboda haka kada in sayi ko ɗaya sai na auna na tabbatar ya mutu. A hanyar komawa na tsaya na sayi mitar awon wuta ta dala 20.

Buɗe ta ba wuya in an san inda maƙalan suke. Ka zare rariyar datti, ka kwance sukuru biyu da ke ƙarƙashinta, ka zura siririn ƙarfe mai faɗi a tsakanin murfin sama da gaba, kusa da kowace kusurwa, ka danna, murfin ya ɗago. Ka cire wayoyin makunnin ƙofa, ka kwance sukuru biyu na ciki, gaban ya fito, gangar ta sunkuyo. Kafin in taɓa kowace waya sai na ɗauke ta hoto, kuma a cikin akwatin maɓallai na sami takardar zanen wayoyi a naɗe, ta yi rawaya amma lafiyarta ƙalau. Abin da na gani da na fitar da gangar shi ne ya sanyaya mini jiki. Burbushin zaren da tufafi ke zubarwa ya taru a ƙasa ya yi kaurin yatsu uku, toka-toka, ya lulluɓe injin da ke juya gangar har ba a ganin ramukan shan iskarsa. A cikinsa na tsinci kwabbai, da maɓallan riga, da ƙusa, da wani fil na gashin mata. Ta ɓangaren hagu, inda bututun wuta yake, gefen dattin ya yi ruwan ƙasa, ya babbake. Wato ya taɓa kamawa ya mutu da kansa, mutanen gidan suna sama ba su sani ba. Na daɗe a tsugune ina kallon wurin.

Sharar ta ci mini yini guda, da injin zuƙar ƙura da tsohon buroshin fenti. Sauran aikin wannan ɓangaren mai daɗi ne. Ɗaya daga cikin tayoyin baya ta ƙafe a kan sandarta, robar ta cinye gefe guda, ita ce mai bugun nan. Tayar bel kuma ita ce mai kukan. Wata 'yar roba mai kusurwa uku ce ke riƙe kowace taya, da filaya ake zare ta. Na goge sandunan har suka yi sheƙi, na ɗiga mai kaɗan, ba giris ba, domin giris kama ƙura yake yi. Ƙyallen bargon da ke kewaye da bakin gangar ta baya ya yage, shi ne ke barin iska mai zafi ta tsere yana kuma cin gefen tufafi. Na kankare tsohon, na manna sabo da gam mai jure zafi, na jera maƙalan shanya kewaye da shi ya kwana. Fankar baya ce ta ba ni wuya. Na so in cire ta in share bayanta, ina murɗawa tana ƙara ɗaurewa, har Baaba ya leƙo ya ce a juye aka yanka zarenta, yadda ake ɗaure sauran notuna haka ake kwance ta. Sa bel kuma sai ka rufe ido ka bi da hannu: gefe mai layi-layi ya kwanta a jikin ganga, ka lanƙwaso shi ta ƙarƙashin tayar ja, ka rataya a bakin inji.

Fenti ban ɓata masa lokaci ba. Tsatsa ce kaɗan a saman murfi da ƙafafu. Samfefa, maganin tsatsa, gwangwani biyu na fentin fesawa, shi ke nan. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, ai ta zama sabuwa, yaushe za a kunna?" Na ce mata saura kaɗan, ban san rabin tafiyar ma ba a yi ba.

Kafin mita ta yi maka amfani sai ka fahimci yadda wutar ke tashi. Da ka danna maɓalli, injin zai fara juyawa, kuma sai ya kai cikakken gudu wani makunni da ke cikinsa zai saki lantarki zuwa ɓangaren wuta. Hikimar ita ce kada wuta ta ci alhali fanka a tsaye take. Daga nan wata 'yar sanda mai saurin karyewa za ta fara zafi har ta yi ja kamar garwashi. A gefenta akwai wani ƙaramin ido mai jin zafi. In ya ji zafin ya kai, zai katse sandar, a daidai lokacin kwayil, wato naɗaɗɗun wayoyin da ke kan bawul, su ja ƙofar gas ta buɗe, ka ji ƙas, wuta ta kama. In zafin cikin ganga ya kai wajen digiri 68 a ma'aunin Salsiyas, wani makunnin ya kashe wutar, in ya sauka a sake daga farko. A wanki ɗaya wannan zagayen yana maimaituwa sau da yawa. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, filogi a cire. Fis ɗin zafi da ke jikin gidan fanka lafiya lau, idon ma haka. Fis ɗin nan in ya ƙone ba ya dawowa, kuma na ji masu cewa a haɗe wayoyinsa a wuce. Wanda ya ga abin da na gani a ƙarƙashin ganga ba zai yi haka ba. Sandar tana da siririn tsagu a tsakiya, awonta yana hawa yana sauka, na sayi sabuwa dala 25.

Kwayil ɗin ne masu ruɗi. Guda biyu ne, mai ƙafa biyu da mai ƙafa uku. Mai ƙafa biyu ya kamata ya nuna wajen om 1,200 a mita (om ma'aunin juriyar waya ga lantarki ne), mai uku kuma wajen 1,350 ta gefe ɗaya da 560 ta ɗayan. Nawa duk sun nuna daidai. Amma mutumin shagon ya gargaɗe ni cewa a sanyaye ƙarya suke yi, sai sun ɗauki zafi suke nuna halinsu, kuma maganar jikan nan ta zafi yau akwai gobe babu da su ta yi kama. Na ga masu arha sosai a intanet, marasa suna, amma araha ba ta ado, balle a abin da ke buɗe ƙofar gas. Na sayi na asali dala 20 da ɗoriya na ajiye a kwali.

Daga nan aikin ya fita daga hannuna, kuma nan ne na fi shan ruɗani. Bakin bututun gidanmu yana nesa da inda dirayar za ta zauna, kuma ƙa'ida ita ce bawul ɗin rufewa ya kasance a ɗaki ɗaya da ita, kada nisansu ya wuce ƙafa 6. Na buga wa ofishin kula da gine-gine na garinmu waya. Matar da ta ɗauka ta ce in sauya diraya kawai zan yi a kan bawul da yake nan, ba ruwansu. Amma da zarar za a ƙara bututu, sai da takardar izini da zuwan mai duba aiki. Kowane gari da dokarsa, a jihar Massachusetts da birnin New York ma mai lasisi kaɗai ke taɓa haɗin gas, saboda haka kowa ya tambayi nasa ofishin. Na kira falamba, ya ce nasa daga bango zuwa bawul ne, cikin diraya ba huruminsa ba ne. Na kira mai gyaran kayan gida, ya ce nasa cikin diraya ne, ba ya taɓa bututun gida, kuma ba zai zo ba sai gas ya iso wurin. Ashe mutum biyu nake buƙata, a jere, kowa da kuɗinsa. Ga shi farkon sanyi ne, na'urorin ɗumama gidaje suna ta mutuwa, duk mai lasisin gas ya yi wuyar gani. A ofishin an nemi fom, da ɗan zanen inda bututun zai bi, da lambar lasisin falamban, da dala 75. Takardar ba ta daɗe ba ta fito, falamban ne na yi kusan wata ina jira. Duk wannan lokacin ranar Lahadi a shagon wanki muke ƙare ta, da jakunkunan kaya da gwangwanin kwabbai, uwargida ba ta cewa komai, wanda ya fi magana ciwo.

Ranar da ya zo, awa biyu da wani abu ya gama. Ya rufe gas daga mita, ya ƙara baƙin bututu mai rabin inci, ya sa sabon bawul mai hannu, ya ɗura iska a layin ya maƙala agogon awo ya bar shi don mai duba aiki ya gani. Na miƙa masa tiyon da ya zo tare da dirayar, wani na tagulla mai lanƙwasa, sai ya karɓa ya jefa a kwandon shara. Ya ce irin waɗannan marasa rufi an daina yin su tun wajen 1976, hukumar kare masu sayen kaya ta daɗe tana gargaɗi a kansu domin suna ɓallewa daga baki, kuma ko na zamani ne ba a maimaita tsohon tiyo. Sabon na ƙarfe mara tsatsa ne mai rufin rawaya. Ya nuna mini cewa zaren bututu ne ake shafa wa man toshewa, bakin tiyo mai faɗin leɓe kuwa a bushe ake ɗaure shi, da sifana biyu, ɗaya ta riƙe ɗaya ta murɗa. Da ya buɗe tsohon toshin ɗan wari ya bugi hancina na ja da baya, ya yi dariya. Gas ɗin kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa na ruɓaɓɓen ƙwai, tun bayan da wata makaranta ta fashe a New London ta jihar Texas a 1937 ta hallaka kusan mutum 300, yawancinsu yara, ba wanda ya ji yoyon.

Mai duba aiki an ce zai zo tsakanin takwas na safe da sha biyu, dole na ɗauki hutun rabin yini. Ya iso gab da sha biyun. Ya kalli agogon awo, allura ba ta motsa ba, ya gyaɗa kai. Na ɗauka an gama. Sai ya ɗaga tocila sama ya bi wata farar roba mai naɗe-naɗe da muka tarar a gidan, wadda ta tashi daga ɗakin wanki ta fita ta bango, ya fita waje ya duba bakinta, ya dawo ya rubuta takardar gyara. Raina ya ɓaci, domin ba a kan wannan na nemi izini ba. Amma bayaninsa ya shige ni. Diraya mai gas hayaƙin wutarta da tururin kaya hanya ɗaya suke fita, in hanyar ta toshe cikin gida za su dawo. Roba tana tara datti a lungunanta, in wuta ta kama kuma ita ce makamashi. Ga raga da wani ya sa a bakin waje don hana tsuntsaye, ta toshe da zare kusan gaba ɗaya. Hukumar kula da gobara ta Amurka ta taɓa ƙiyasta cewa ana samun gobarar diraya kusan 2,900 a gidaje duk shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku rashin sharewa ne sanadi.

Wannan da kaina na gyara. Bututun ƙarfe mai santsin ciki, faɗin inci 4, tsawonsa kada ya wuce ƙafa 35, kuma kowace cikakkiyar gwiwa ana lissafa ta ƙafa 5. Ana zura kowane guntu cikin na gabansa ta inda iska ta nufa, a naɗe mahaɗar da salatif na alminiyam, ba a huda sukuru ya leƙa ciki domin shi zare ke maƙalewa. A waje na sa murfi mai marfi da iska ke buɗewa, ba raga. Na sayi ƙararrawar kabon monoksaid na rataye a saman matattakala. Da ya dawo mako na gaba, minti biyar bai yi ba ya sa hannu. Na adana takardar tare da ta inshorar gida, domin in wani abu ya faru, Allah ya kiyaye, ita za a fara tambaya.

Sai mai gyaran kayan gida, dala 120 kuɗin zuwa. Ya kwance ɓangaren wuta, ya cire guntun tagullar propane ya sa na bututu. Ya ajiye mini su biyu a tafin hannu, da ido ma ana ganin bambancin ramin. A kan bawul akwai wani toshi da aka sa don ya hana mai daidaita matsi aiki, ya cire shi ya mayar da murfin asali. Ya haɗa tiyo, ya buɗe gas, ya shafa ruwan kumfa a kowace mahaɗa muna kallo, babu wadda ta ɓulɓulo da alamar yoyo. Ya sa ma'auninsa ya ga matsin ya tsaya a inci uku da rabi na ruwa, yadda ake so. Na propane wajen 10 zuwa 11 ne. Ya ɓare tsohuwar takardar LP, ya rubuta sabuwa da kwanan wata. Muka durƙusa a gaban ramin leƙe ya danna maɓalli. Sandar ta yi ja, ƙas, sai ga wuta shuɗiya ta miƙe cikin bututu da 'yar rawaya a baki. Na yi hamdala a fili. Ya ce in dakata tukuna. Wutar ta mutu a kan lokacinta, ta sake kamawa, ta mutu. A zagaye na gaba sandar ta yi ja, ta dushe, babu wuta, sai wata 'yar ƙara a bawul. Na tashi na ɗauko kwalin da na ajiye. Sukuru biyu ne ke riƙe kwayil ɗin, minti goma ba a yi ba, kuma da ba su a hannu da sai na sake biyan kuɗin zuwa. Muka bar ta tana aiki rabin awa, ba ta sake tsallake ko zagaye ɗaya ba. Wankin farko tsofaffin tawul muka sa don su kwashe warin gam da fenti.

Ga lissafin. Dirayar da man motar Baaba, wanda ya ƙi karɓa sai da na matsa, da duk kayan gyara, da mita, da fenti, da mai gyara, ba su kai dala 350 ba. Falamba ya karɓi 350, izini 75, bututun hayaƙi wajen 60, ƙararrawa 25, wato sama da 500. Wani zai ce ai da sabuwa na saya. Amma wancan 500 ɗin na gida ne ba na diraya ba, ko sabuwa fil na kawo sai na biya shi, watakila ma in haɗa ta da waccan farar robar ban sani ba. A ganina tsohuwar ta biya, domin babu allon kwamfuta a cikinta, duk abin da zai mutu ana auna shi da mita a saya da 'yan daloli.

Wanda zai bi wannan hanya, kada ya bi jerin da ido ke so. Tun a wurin saye ya duba irin gas ɗin da take sha, ya ɗauki hoton lambobi, ya kira shagon kayan gyara ya ji ko ana samun kayanta kafin ya biya. Ranar da ya kawo ta gida, ranar zai kira ofishin gine-gine da falamba, domin su ne masu dogon layi, bel da taya a cikin jiran ake yin su. In da hali a yi aikin da bazara. Ya duba hanyar hayaƙi kafin mai duba aiki ya duba masa. Kuma tsufa ma hawa-hawa ne. Tun 1938 kamfanin Hamilton na jihar Wisconsin ya fara sayar da irin waɗannan injina bisa ƙirar J. Ross Moore, kuma har yanzu ana cin karo da na shekarun 1950 da 1960 a gwanjo, kyawawa ƙwarai. Da yawansu suna da 'yar wuta mai ci dare da rana maimakon sanda, wasu akwai asbestos, sinadarin nan mai cutar da huhu, a jikinsu, kayan bawul ɗinsu kuma sai an yi farauta. Waɗannan na masu sha'awar tara kayan tarihi ne, ba na mai 'ya'ya huɗu da kwandon wanki ba. In kuma ka ga tsatsa ta huda bututun wuta, ko bawul ɗin kansa ya tsage, bar ta a inda ka gan ta ko kyauta ce.

Wani ƙanena a Jos, da ya ga hoton, ya ce in nemo masa irinta in sa a kwantena saboda damina. Na hana shi. Wutar Najeriya volt 230 ce, wannan 120 take sha, sai da taransifoma babba. Ko an sa ta, bugun wutar can 50 ne a daƙiƙa, na nan 60, injin zai rage gudu ya riƙa zafi, fanka ta rage jan iska, agogon ma ya yi jinkiri, ka saita awa ɗaya ya ci minti 72. Gas ɗin tukunyarmu kuma haɗin butane da propane ne, sai an sake sauya guntun tagulla an nemo wanda ya iya saita matsin. In ya matsu, ya nemi wadda aka ƙera don wutar Turai, ita ce ta dace da soket ɗinsa.